Tornado: Yadda aka ƙera sabon kan jirgin ƙasa mai tururi da zanen 1948 a Ingila

Tornado, mai lamba 60163, kan jirgin ƙasa ne mai aiki da kwal da tururi, wanda wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta ƙera tun daga tushe a garin Darlington da ke arewa maso gabashin Ingila. An kafa ƙungiyar a 1990, aka fara yankan ƙarfe a 1994, sannan kan jirgin ya motsa da ƙarfin kansa a tsakiyar 2008. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 3, kuma mafi yawan kuɗin sun fito ne daga aljihun ɗaiɗaikun mutane da gudummawar kamfanoni. Shi ne kan jirgi mai tururi na farko da aka ƙera domin manyan layukan dogo na Birtaniya tun daga 1960.

An ƙera shi ne bisa zanen wani samfuri da ake kira Peppercorn A1. Guda 49 aka taɓa yi na wannan samfuri, kuma hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati ta daddatse su duka, ba ta bar ko ɗaya don tarihi ba. Sake ƙera shi ya fito da wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: takardun zane sun tsira a ɗakin ajiya, amma masana'antu da gwanayen da ke mayar da zanen ƙarfe sun watse. Har sai da ƙasar da ta ƙirƙiro jirgin ƙasa ta tsallaka Jamus kafin ta samu wanda zai haɗa mata tukunyar tururi.

Asalin zanen

Arthur Peppercorn shi ne babban injiniya na ƙarshe a kamfanin London and North Eastern Railway, wanda aka fi sani da LNER. Kamfanin ne ke riƙe da babban layin gabas da ya tashi daga tashar King's Cross ta Landan, ya ratsa Doncaster da York da Darlington da Newcastle, har zuwa Edinburgh. Peppercorn ya karɓi muƙamin a 1946, lokacin da ƙasar ke fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu: dogo ya gaji, ma'aikata sun yi ƙaranci, kwal mai kyau ya yi wuyar samu.

Wannan yanayi ne ya tsara zanen. An yi wa samfurin A1 faffaɗan murhu domin ya iya cin kwal maras inganci, kuma ya ja taragu har 15 masu nauyin tan 550 ko fiye, da gudun mil 60 zuwa 70 a awa. Yana da silinda uku, biyu a waje ɗaya a tsakiya. Ƙafafunsa a jere suke kashi uku: ƙanana huɗu a gaba masu bi da shi kwana, manya shida a tsakiya waɗanda su ne ke tuƙi, da ƙanana biyu a baya masu ɗauke da nauyin murhu. Tsayin kowace babbar ƙafa ya ɗan haura mita 2, wato ta fi mutum tsawo.

Kafin a fara ƙera su, gwamnatin jam'iyyar Labour ta mayar da manyan kamfanonin jiragen ƙasa huɗu na ƙasar mallakar gwamnati a ranar 1 ga Janairu, 1948, ƙarƙashin sunan British Railways. Saboda haka sabuwar hukumar ce ta ƙera duka 49 ɗin a masana'antunta na Doncaster da Darlington tsakanin 1948 da 1949, ta ba su lambobi daga 60114 zuwa 60162. Sun yi suna wajen juriya da rashin yawan neman gyara.

Yadda samfurin ya ɓace

Ƙarshen A1 ya zo ne ta hanyar manufar gwamnati, tun ƙarfensu bai tsufa ba. A 1955 hukumar sufurin ƙasar ta fitar da shirin zamanantar da jiragen ƙasa wanda aka ƙiyasta zai ci sama da fam biliyan ɗaya, kuma ginshiƙinsa shi ne a maye gurbin tururi da dizal da lantarki. An ci gaba da ƙera masu tururi har zuwa 1960, lokacin da na ƙarshensu, Evening Star, ya fito daga masana'antar Swindon. A 1963 kuma rahoton Richard Beeching ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi sama da 2,300. A watan Agustan 1968 aka kawo ƙarshen jigilar fasinja da tururi a manyan layukan British Railways.

A layin gabas, sababbin injinan dizal da ake kira Deltic ne suka karɓi aikin. An fara janye A1 a 1962, kuma na ƙarshensu, mai lamba 60145 da suna Saint Mungo, an daddatse shi a 1966 bayan wani yunƙurin ceto shi ya ci tura. A matsakaici shekara 15 kawai kowannensu ya yi yana aiki, alhali an ƙera su ne don su daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba.

Wasu samfuran sun yi sa'a. A garin Barry da ke kudancin Wales, wani dillalin gwangwan mai suna Dai Woodham ya sayi kawunan jirgi kusan 300, amma ya fi mayar da hankali kan yanka taragun kaya saboda sun fi sauƙi. Kawunan suka yi shekaru suna tsatsa a filinsa, har masu sha'awa suka sayi 213 daga ciki suka kwashe. Babu A1 ko ɗaya da ya je Barry.

Masana'antun ma ba su tsira ba. An rufe ta Darlington a 1966. Kamfanin North British na Glasgow, ɗaya daga cikin mafi girma a Turai a fagen, ya durƙushe a 1962. Irin waɗannan kamfanoni na Birtaniya ne suka riƙa ƙera kawunan jirgi masu tururi ga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, ciki har da Nijeriya, inda dogo ya isa Kano a 1911, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa hura wutarsu.

Yadda kan jirgi mai tururi ke aiki

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Ana hura wutar kwal a murhu, zafin ya bi ta cikin dogayen bututu da suka ratsa wata katafariyar tukunya cike da ruwa. Idan ruwa ya zama tururi a fili, yana neman wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700. Da yake tukunyar a rufe take, sai matsi ya taru. A tukunyar Tornado matsin yana kaiwa kusan ninki bakwai zuwa takwas na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Direba na buɗe wa tururin hanya ya shiga silinda, ya tura fistan gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, yana jan iska ta cikin murhu, wutar ta ƙara ruruwa. Hakan ne ke haifar da sautin nan na fuka da aka san jirgin da shi.

Mutum biyu ke tafiyar da shi: direba, da mai zuba kwal da shebur wanda kuma ke lura da yawan ruwan tukunya. A bayansu akwai taragon da ke ɗauke da kwal da ruwa. Idan aka haɗa kan da taragon, tsawon Tornado ya kai kimanin mita 22, nauyinsa kuma ya haura tan 160.

Raunin wannan fasaha shi ne ɓarna. Ƙasa da kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ne ke zama ƙarfin ja, sauran na tafiya a iska. Ana buƙatar awanni kafin tukunya mai sanyi ta yi zafin tafiya, ga toka da za a kwashe, ga wanke tukunya a kai a kai. Injin dizal kuwa da an murza shi ya tashi. Wannan ne ya sa hukumomin jiragen ƙasa a duk duniya suka juya wa tururi baya.

Ƙungiyar da tsarin kuɗinta

A 1990 wasu masu sha'awar jiragen ƙasa a arewa maso gabashin Ingila suka kafa A1 Steam Locomotive Trust, suka ƙaddamar da ita a birnin York a watan Nuwamban shekarar. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganar a matsayin mafarki, domin gyaran tsohon kan jirgi kaɗai kan cinye wa ƙungiya shekaru, balle ƙera sabo.

Abin da ya bambanta wannan ƙungiya shi ne tsarin tara kuɗi, wanda ake danganta shi da David Champion, ɗaya daga cikin jagororinta na farko. Maimakon jiran attajiri guda ko tallafin gwamnati, an nemi mutane da yawa su yi alƙawarin biyan ɗan abu kaɗan a kai a kai ta banki. An auna gudummawar da kuɗin kofin giya ɗaya a mako, wanda a yankin a lokacin fam 1.25 ne, wato kimanin fam 5 a wata. Da yake ƙungiyar ta yi rajista a matsayin ta jinƙai, dokar ƙasar ta ba ta damar karɓo harajin da aka riga aka cire daga kuɗin masu bayarwa. Amfanin tsarin shi ne sanin abin da zai shigo kowane wata, ta yadda za a iya ba da odar babban kaya ba tare da fargabar kasa biya ba. Da yayyafi kogi kan cika.

An ƙara da wasu hanyoyi. Mutum na iya ɗaukar nauyin wani sashe na musamman, daga noti har zuwa babban ƙarfe. Kamfanoni sun ba da kaya ko aiki kyauta ko a farashi mai rahusa, kuma kamfanin zubin ƙarfe na William Cook da ke Sheffield, wanda ya zuba ƙafafun, shi ne babban mai tallafawa. Da aka zo kan tukunya, wadda ita ce mafi tsada, ƙungiyar ta fitar da takardun lamuni na fam 500,000 a 2004, ta ranci kuɗin daga magoya bayanta da alƙawarin biya daga baya.

An kuma tafiyar da ƙungiyar da tsarin kamfani. An ɗora mutane a kan ayyukan da suka dace da sana'arsu ta yau da kullum: akanta a kan kuɗi, injiniya a kan ƙarfe, masanin talla a kan neman magoya baya. David Elliott ne ya jagoranci ɓangaren injiniyanci, Mark Allatt kuma ya shugabanci ƙungiyar a shekarun kammala aikin. Dorothy Mather, matar da Peppercorn ya mutu ya bari a 1951, ita ce uwar ƙungiyar har mutuwarta a 2015.

Daga takarda zuwa ƙarfe

Zanen asali na ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na ƙasa da ke York. 'Yan sa-kai sun tattara sama da takardu 1,000, aka kwafe su zuwa kwamfuta, aka sake zana waɗanda suka dushe ko suka ɓata. Nan ne matsala ta farko ta bayyana. Masu zanen 1948 sun rubuta ne don maƙeran da suka san aikin a hannu. Wani wurin takarda kan ce kawai noti ya zauna daidai, ba ta faɗi awo ba. Wani wurin ta ce a yi amfani da ƙarfen Yorkshire mafi kyau, ba ta faɗi sinadarinsa ba. Abin da ba a rubuta ba yana kan ma'aikatan da suka yi ritaya ko suka mutu. Dole injiniyoyin ƙungiyar suka fassara kowane irin umarni zuwa ma'aunin zamani da mai bincike zai iya tantancewa.

An murza manyan farantan ƙarfe na ƙashin bayan jirgin a masana'antar ƙarfe ta Scunthorpe, aka yanka su a Leeds a 1994 da na'ura mai aiki da kwamfuta. An fara haɗa su a Tyseley da ke Birmingham. A 1997 aka kai ƙashin bayan Darlington, inda hukumar garin ta ba ƙungiyar wani tsohon ginin ƙera taragu a unguwar Hopetown. Zaɓin garin na da ma'ana a tarihi: ta nan ne layin Stockton zuwa Darlington ya bi, wanda aka buɗe ranar 27 ga Satumba, 1825, layin jama'a na farko a duniya da ya yi amfani da kan jirgi mai tururi.

Babu masana'anta guda da za ta iya yin komai kamar yadda Doncaster ta yi a da. An rarraba aikin ga kamfanoni da yawa, kowanne da abin da ya iya. Kafin a zuba silinda ko ƙafa, sai an sassaƙa siffarta da katako, a danna a yashi, a kwarara narkakken ƙarfe, sannan a goge ta da inji zuwa awo. A da siffa ɗaya kan fitar da kaya da dama. A nan duk wahalar don kan jirgi guda aka sha.

Sunan ya samo asali ne daga jirgin yaƙin sama samfurin Tornado na rundunar saman Birtaniya, don karrama matuƙansa a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Lambar 60163 kuwa ita ce ke bin ta ƙarshe a jerin asali, domin ƙungiyar na kallonsa a matsayin na 50 a gidan A1.

Matsalar tukunya

Tukunya ce zuciyar kan jirgi, ita ce kuma mafi haɗari, domin fashewarta kan yi kisa. Ƙungiyar ta nemi kamfanin Birtaniya da ke da kayan aiki da gogewa da takardun shaidar da hukumomi za su amince da su don ƙera tukunya mai wannan girma, ba ta samu wanda ya cika sharuɗɗan ba. Sai ta nufi Meiningen, wani gari a jihar Thuringia ta Jamus.

Dalilin da ya sa gwanintar ta rage a can yana da nasaba da siyasa. Meiningen na cikin tsohuwar Jamus ta Gabas, inda ƙarancin man fetur da kuɗin waje ya tilasta ci gaba da amfani da tururi a manyan layuka har zuwa 1988, shekara 20 bayan Birtaniya ta daina. Masana'antar gyaran kawunan jirgi ta garin ba ta taɓa rufewa ba, kuma bayan haɗewar Jamus ta koma hannun kamfanin Deutsche Bahn. An ba ta odar a 2005, tukunyar ta isa Darlington a watan Yulin 2006. A Janairun 2008 Dorothy Mather ta kunna wutar farko a murhun.

Abin da aka canza

A ido Tornado kamar 'yan'uwansa na 1948 yake, amma an yi masa sauye-sauye, wasu don inganci, wasu don bin doka:

- Tukunyar asali da ƙusoshin ƙarfe aka haɗa ta, murhunta kuma na jan ƙarfe ne. Ta Tornado walda ce gaba ɗaya, murhunta na baƙin ƙarfe.
- An yanka kowane gefe na ƙashin bayan daga farantin ƙarfe guda, maimakon biyu da aka haɗa.
- An sa boris a duk ƙafafun. Biyar kawai daga cikin na asali ke da shi, kuma su ne suka fi daɗewa ba su nemi gyara ba.
- A da akwai kwatamin ruwa a tsakiyar dogo da jirgi ke kamfata yana tafe. An cire su tuntuni, don haka aka ƙara ruwan taragon daga galan 5,000 zuwa sama da 6,000, aka rage kwal daga tan 9 zuwa 7.5.
- An rage tsayinsa da inci ɗaya saboda wayoyin lantarki da ke saman dogo a yau.
- An sa masa birki mai aiki da iska, da na'urorin gargaɗi masu tsayar da jirgi idan direba ya wuce jar danja, da na'urar da ke naɗar bayanan tafiya.

Kowane sashe sai da aka ajiye takardar da ke nuna inda aka samo ƙarfensa da gwajin da aka yi masa, domin hukumomin kula da lafiyar dogo ba sa ba da izini sai da hujja a rubuce.

A kan dogo

Tornado ya fara motsi a ɗan gajeren dogon da ke harabar masana'antar a ƙarshen Yulin 2008, aka nuna shi ga 'yan jarida ranar 1 ga Agusta. Daga nan aka kai shi layin Great Central da ke Loughborough don gwaji, sannan a watan Nuwamba ya yi gwaje-gwaje a babban layi daga York, inda ya kai mil 75 a awa, wato kimanin kilomita 120. Ranar 31 ga Janairu, 2009 ya ɗauki fasinjojinsa na farko a babban layi, daga York zuwa Newcastle. Ranar 19 ga Fabrairu Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, ya raɗa masa suna a tashar York.

Abubuwa da dama suka sa ya shahara a wajen da'irar masu sha'awa. A Afrilun 2009 shirin Top Gear na BBC ya haɗa shi tsere da tsohuwar mota da tsohon babur daga Landan zuwa Edinburgh. Motar ce ta yi nasara da 'yar tazara. A Disamban shekarar, ƙanƙara ta tsayar da jiragen lantarki a yankin Kent, Tornado kuma ya kwashi kimanin mutum 100 da suka maƙale a Landan. A Fabrairun 2017 ya yi kwana uku yana jigilar fasinja da tikiti na yau da kullum tsakanin Skipton da Appleby, ya ɗauki sama da mutum 5,000. Da tsakar daren 12 ga Afrilu, 2017, a wani gwaji tsakanin Doncaster da Newcastle, ya kai mil 100 a awa, kimanin kilomita 160, gudun da kan jirgi mai tururi bai yi a manyan layukan ƙasar ba tsawon shekara 50.

Cikas da tsadar riƙo

Sabunta ba ta hana lalacewa ba. A 2010 aka gano tsagewa a wasu daga cikin sandunan da ke riƙe bangon murhu, har sai da aka mayar da tukunyar Meiningen a farkon 2011. A Afrilun 2018, yana gudun mil 90 a awa da fasinjoji daga Landan zuwa York, sashen da ke sarrafa tururin silindar tsakiya ya karye a kusa da garin Sandy. Jirgin ya tsaya a babban layi, ya jawo wa sauran jirage jinkiri, kuma ya yi watanni a gareji.

Ko ba a samu irin wannan ba, doka ta wajabta a kwance tukunya a duba ta ciki da waje bayan kowace shekara bakwai zuwa goma, aikin da kan ci dubban ɗaruruwan fam. Saboda haka masu alƙawarin wata-wata ba su daina biya ba bayan 2008. Kuɗin haya da na tikiti ba sa isa su riƙe kan jirgin su kaɗai. A babban garambawul da aka fara yi masa a farkon shekarun 2020, an sa masa na'urar sigina ta zamani da ake kira ETCS, wadda ke nuna wa direba umarni a allo, domin layin gabas na komawa wannan tsari kuma duk jirgin da ba shi da ita ba zai bi ta sassan da aka sauya ba.

Waɗanda suka biyo baya

A 2013 ƙungiyar ta ƙaddamar da aiki na biyu: samfurin P2 mai lamba 2007 da suna Prince of Wales. Nigel Gresley ne ya zana P2 domin layin Edinburgh zuwa Aberdeen mai hawa da kwana. Shida aka ƙera tsakanin 1934 da 1936, aka sauya musu siffa gaba ɗaya a 1943 da 1944, daga baya aka daddatse su. Na asalin sun sha fama da karyewar sandar ƙafafu, don haka aka gwada zanen a kwamfuta aka gyara kafin a zuba ƙarfe. Sassa da yawa, ciki har da tukunya, iri ɗaya ne da na Tornado. An fara ƙiyasta kuɗinsa a kan fam miliyan 5.

Wasu ƙungiyoyin sun bi wata hanya, ta haɗa tsofaffin sassa da sababbi. Lady of Legend ya fito a Didcot a 2019, Betton Grange da Beachy Head kuma suka fara aiki a 2024. A Amurka, wata ƙungiya da aka kafa a 2013 na ƙera samfurin T1 na kamfanin Pennsylvania Railroad mai lamba 5550, bayan duka 52 na asali sun tafi gwangwan. Daga cikin burinta har da karya tarihin gudu na mil 126 a awa da Mallard na LNER ya kafa ranar 3 ga Yuli, 1938. Akwai kuma ayyuka da dama da aka sanar da su da ɗoki, suka yi shekaru ba su wuce 'yan sassa kaɗan ba, mafi yawa saboda rashin kuɗin shiga mai ɗorewa.

Muhawara da makoma

Masu suka na cewa kuɗi da gwanayen da suka rage ba su da yawa, ya fi dacewa a kashe su wajen gyaran tsofaffin kawunan da ke da tarihi na gaske, waɗanda wasunsu ke jibge tun da aka kwaso su daga Barry. Masu goyon baya na amsawa da lissafi. Gyaran Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, ya ɗauki shekara goma daga 2006 zuwa 2016, ya ci sama da fam miliyan 4, fiye da abin da aka kashe wajen ƙera Tornado sabo. Suna ƙarawa da cewa duk gyaran da aka yi wa tsohon kan jirgi yana rage abin da ya saura na asalinsa, kuma sabon aiki ne ke koyar da matasa zubi da walda da haɗa tukunya kafin tsofaffin gwanaye su ƙare.

Babbar barazana a yanzu ita ce kwal. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda layukan tarihi suka dogara da ita, ta rufe a Nuwamban 2023. Tashar lantarki ta ƙarshe mai ƙona kwal a Birtaniya, Ratcliffe-on-Soar, ta rufe ranar 30 ga Satumba, 2024. Abin da jiragen tururi ke ƙonawa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da tashoshin lantarki suka riƙa ci, amma hakan na nufin bai isa ya riƙe mahaƙa a buɗe ba. Yanzu daga ƙasashen waje ake shigo da shi a farashi mai tsada, ana kuma gwada wani gawayi da aka haɗa da tarkacen tsirrai. Ga kuma bazara mai tsananin fari, lokacin da hukumar dogo kan taƙaita ko ta dakatar da zirga-zirgar tururi saboda tartsatsi na iya tayar da gobara a gefen layi.

A 2019 ƙungiyar ta ba da odar sababbin tukwane biyu, domin Tornado da Prince of Wales su riƙa musaya, a rage lokacin da kowannensu zai yi a gareji. Odar ta sake tafiya Meiningen.